Nasiha Ga Yaron Da Ya Zaɓi Tsaron Gida

Ya ku 'ya'yana samari na ƙasar Ƙonni da Adar, duk wanda ya bi kwalta daga Birnin Ƙonni ya nufi Tsarnawa da Malbaza da Galmi, ko ya karkata arewa ta Badagishiri ya shiga Illela, in dai ya dace da bayan la'asar, sa'ad da zafin rana ya karye, ba zai ƙetare gari biyu ba sai ya ga ƙura ta tashi a bayan makaranta ko a gefen kasuwa, yara sun rabu gida biyu suna ta fama da tamaula. In ya dakata ya lura da yadda ake raba aiki, zai ga kowa na kokawar zama ɗan gaba, kuma galibi wanda ake turawa tsakanin duwatsun nan biyu da aka kafa a madadin raga, ko dai ƙaramin cikinsu ne, ko wanda ya makara, ko wanda ba shi da gudu. Amma jefi-jefi akan sami yaro guda wanda ba a tura shi ba, shi da kansa yake tafiya ya tsaya can, ya share tsakuwa da ƙafarsa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya zuba ido. Da wannan yaron nake magana, ko da yake ina fatan abokansa da iyayensa su ma su kasa kunne, gama rabin abin da zan faɗa nasu ne.

Ka sani, ɗana, muƙamin da ka zaɓa ya sha bamban da na sauran goman da ke gabanka. Ragar manya faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, kuma babu ɗan Adam da Allah Ya halitta da hannuwan da za su rufe wannan sarari gaba ɗaya. Saboda haka tun ranar da ka shiga wannan aiki ka shiga shi ne da yaƙinin cewa za a ci ka, abin da ya rage kawai shi ne sau nawa, da kuma halin da za a same ka a ciki bayan an ci. Ɗan gaba yakan ɓarar da ƙwallo biyar ya jefa ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa a kewaya gari da shi. Kai kuwa sai ka tare tara, ta goma ta suɓuce maka, mutane su watse suna ambaton ta goman. Ƙungiya tana da gurbin 'yan baya huɗu da 'yan tsakiya uku ko huɗu, wanda ya rasa wannan ya gwada wancan, alhali gurbin gola ɗaya ne tak, wanda yake biye da shi kuwa yana iya shekara a kan benci bai taɓa ƙwallo ba. Wannan aiki amana ce, kuma hukuncin mai riƙon amana a ko'ina ɗaya ne: ba a cika yaba masa don kaya sun kwana lafiya, amma ranar da aka nemi wani abu aka rasa, shi za a fara kira.

Akwai wani wasa a ƙasashen sanyi, kamar Kanada da Rasha da Suwidin da arewacin Amurka, wanda ake yi a kan daskararriyar ƙanƙara, watau ƙwallon gora na kan ƙanƙara, inda 'yan wasa ke sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙarƙashi, suna bugun wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna. Faifan nan nauyinsa bai wuce giram 170 ba, amma sai an daskarar da shi kafin wasa, ya yi tauri, kuma gwanayen bugu suna harba shi da gudun da ya haura kilomita 150 a sa'a guda. Ragarsu ƙarama ce, mita 1.83 a faɗi da mita 1.22 a tsayi, mai tsaronta kuwa da jikinsa yake tare abin da aka harbo. Na kawo zancensu ne, ko da yake ƙasarmu ba ta san ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa da ruwan bazara, domin a wurinsu wannan muƙami ya kai matuƙar tsananinsa, kuma darussan da za su amfane ka da jininsu suka saye su.

Shekaru masu yawa masu tsaron ragar wannan wasa suna tsayawa da fuska a buɗe, domin a ganin mutanen zamanin rufe fuska alamar ragwanci ce. Terry Sawchuk, wanda ya yi wasanni 103 na babbar gasarsu ba a jefa masa ko ɗaya ba, an ƙiyasta ɗinkin da aka yi masa a fuska ya kai wajen 400, ya kuwa rasu a 1970 yana da shekara 40. Sai a daren 1 ga Nuwamba 1959, a birnin New York, wani ɗan wasa mai suna Andy Bathgate ya harbo faifan ya tsaga fuskar Jacques Plante, golan ƙungiyar Montreal, aka fita da shi jini na zuba, aka ɗinke shi a ɗakin sauya kaya. A wancan zamani ƙungiya ba ta tafiya da gola na biyu, sai wasa ya tsaya cik ana jiransa. Plante ya dubi mai horar da su, Toe Blake, ya ce ba zai koma ba sai da garkuwar fuskar da yake sakawa wajen atisaye, wadda maigidan nasa ya daɗe da hana shi shiga gasa da ita. Da Blake ya ga babu makawa, ya ƙyale shi. Ya koma, suka ci wasan 3 da 1, jerin wasannin da suke ciki ba a yi galaba a kansu ba kuwa ya kai 18. An yi masa gori, an ce tsoro ne ya kama shi, bai kula ba. Bayan 1974 kuwa ba a ƙara ganin gola da buɗaɗɗiyar fuska a wannan gasa ba.

A hukuncina Plante ya fi masu yi masa gori jarunta nesa ba kusa ba, domin tsayawa gaban faifai da fuska tsirara abu ne da tsoron bakin mutane kaɗai ke iya sa mutum ya yi, amma duban idon maigida da 'yan kallo a ce musu a'a, wannan sai mai zuciya. Jikinka aro ne aka ba ka, kuma za a tambaye ka yadda ka yi da shi. Filayenmu ba ciyawa gare su ba. A Malbaza da tuddan Adar ƙasa ce mai tauri da jar tsakuwa, wanda ya faɗi a kanta da gwiwar hannu ko ƙashin kwatangwalo sau ɗari a wata, zai biya bashin a lokacin da furfura ta fito. Saboda haka ka fara koyon faɗuwa a kan rairayi, a cikin gulbi in rani ya yi, ka saba da sauka a kan gefen cinya da kafaɗa, ƙwallon na riga ka isa ƙasa. Ka nemi dogon wando da riga mai dogon hannu ko da a gwanjo ne, ka cusa soso a gwiwa, kada dariyar abokai ta hana ka. In yatsa ya goce ko ya kumbura, a je a duba shi, kada a ja shi da ƙarfi a bakin fili a ce ya koma. Mafi girma duka shi ne kai. Petr Čech, golan Chelsea, gwiwar ɗan wasa ta same shi a ka ranar 14 ga Oktoba 2006, ƙoƙon kansa ya lotsa, sai da aka yi masa aiki cikin gaggawa, kuma daga nan har ya bar wasa a 2019 bai ƙara shiga fili ba tare da hular kariya ba. Idan ka yi karo, ka ji jiri, ko ka yi amai, ko ka kasa tuna yadda wasa ya faro, to, wasan ranar ya ƙare gare ka, ko da kofi ne a ajiye a kan tebur. A kai ka likita, ga asibitin Ƙonni, ga na Galmi wanda ke karɓar marasa lafiya tun 1950. Ina kuma yi maka kashedi da ƙwayar nan ta taramol da wasu ke sha wai don su daina jin ciwo da gajiya: ciwo ɗan aike ne mai kawo labarin ɓarna, wanda ya toshe bakin ɗan aike kuwa ɓarnar ba ta fasa ba, ga kamu da ƙwayar ke yi wa mai shanta, ga shi kuma tun farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa.

Sa'an nan sai sana'ar kanta, gama sana'a ce da ake koyo, kamar ƙira da saƙa, ba tsalle ba ne kawai. 'Yan kallo suna son golan da ke tashi sama yana shawagi, amma masana sun san cewa yawan shawagi sau da yawa shaida ce ta cewa mutum bai tsaya inda ya dace ba tun farko. Ka riƙa raya wani layi a zuciyarka daga tsakiyar raga zuwa inda ƙwallo take, ka tsaya a kansa, ƙwallo na matsawa kana matsawa da gajerun taku, ba ka harɗe ƙafa; in ɗan gaba ya keto shi kaɗai, ka fito ka rage masa sarari, ka tsaya da ƙafafunka har ya buga, domin wanda ya riga faɗuwa ya ba da gari. Lokacin da za a buga, nauyinka ya kasance a kan yatsun ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaba. Ƙwallon sama ana kama ta da manyan yatsu biyu a bayanta suna kusa da haɗuwa, sauran yatsu a baje. Ta ƙasa kuwa ka sa jikinka a bayan hannunka, don in hannu ya ci amana ƙirji ya rufa asiri. Wadda ba ka da tabbacin kamawa, ka doke ta gefe, kada ka mayar da ita tsakiya inda mafarauta ke jira. Ka kuma koyi wasa da ƙafa biyu, domin tun 1992 doka ta hana gola ɗaukar ƙwallon da ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙafa da gangan, kuma daga 2025 wanda ya riƙe ta a hannu fiye da daƙiƙa 8 sai a ba abokan hamayya kwana. Bakinka ma kayan aiki ne: kai kaɗai kake ganin filin gaba ɗaya, saboda haka ka kira 'yan bayanka da sunayensu, ka ce wane koma, wane bayanka, bar mini, ka yi haka da murya mai ƙarfi amma ba da zagi ba, gama wanda ka zaga yau shi zai tare maka gobe.

Lev Yashin na Dynamo Mosko, wanda har yau shi kaɗai ne golan da ya taɓa karɓar kyautar Ballon d'Or, a 1963, ya shahara ne da irin wannan umarni da fitowa tarbar ƙwallo. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, farkon shigarsa babbar ƙungiya a 1950 bai yi kyau ba, aka mayar da shi baya ya yi shekaru yana jira, kuma a cikin wannan jira ya tsare ragar ƙungiyarsu ta wasan ƙanƙara har suka ci kofin Tarayyar Sobiyet a 1953. Čech ma da ya ajiye tamaula, ragar ƙanƙara ya koma tsarewa a wata ƙaramar ƙungiya a Ingila. Wannan ya nuna maka cewa asalin aikin ɗaya ne, ko a kan ƙanƙara ko a kan tsakuwar Dogarawa: ido, da natsuwa, da sanin inda za a tsaya.

Mafi wuyar sa'a ga mai tsaron gida ita ce wadda babu abin da ke faruwa a cikinta, lokacin da 'yan'uwansa suka danne abokan hamayya a can gabansu, shi kuwa yana tsaye shi kaɗai, zuciya tana raya masa cewa an riga an gama. Malamanku sun karantar da ku abin da ya auku a Uhudu, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya umarce su kada su gusa ko an yi nasara ko ba a yi ba. Da mafi yawansu suka ga alamar nasara suka sauko, sai Halidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya kewayo da dawakai ta wannan kafa. Allah Ya tsare ni da daidaita wasan yara da wancan babban al'amari, Allah kuma Ya ƙara yarda da sahabbai baki ɗaya. Amma ibirar da ke ciki ta game duk wanda aka ba tsaron wata kafa, ƙarama ko babba, cewa sa'ar da ya ga kamar babu bukatarsa ita ce sa'ar da ake jarraba shi.

Yanzu zan zo ga abin da ya fi damuna, watau ranar kuskure, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Kassaly Daouda, wanda ya daɗe yana tsaron ragar Mena, ƙungiyar ƙasa ta Nijar, ya taso ne ta ƙungiyar Sahel ta Yamai, ya tafi Coton Sport ta Garwa a Kamaru, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008 ta sha kashi a hannun Al Ahly ta Masar. Yana cikin waɗanda suka doke Masar 1 da 0 a Yamai a Oktoban 2010, lokacin Masar na riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, suka kuma kai Nijar gasar a karo na farko a 2012 ƙarƙashin Harouna Doula. A gasar 2013 a Afirka ta Kudu, ranar 20 ga Janairu, Mena ta riƙe Mali babu ci har wasa ya kusa tashi. Saura 'yan mintoci aka kwaso ƙwallo ta sama, ya fito bai riƙe ta ba, Seydou Keita ya zura ta, aka tashi 1 da 0. Ka auna nauyin wannan dare a zuciyar mutum, ƙasa guda tana kallo, maki na farko a tarihinta ya zo hannu ya suɓuce. Bayan kwana huɗu, a birnin Port Elizabeth inda aka yi wancan wasa, ya sake tsayawa a gaban Kongo ta Kinshasa, ya hana Dieumerci Mbokani da 'yan'uwansa ci, aka tashi canjaras, Nijar ta sami makin da ba ta taɓa samu ba a wannan gasa. Ya kuwa ci gaba da tsaron ragar ƙasa har ya haura shekara 35. Ni a wurina waɗannan kwanaki huɗu sun fi dukan sauran tarihinsa fa'ida gare ka, domin kuskure kowa yana yi, amma komawa tsakanin turakun nan biyu da hannu marar rawa, wannan shi ne abin da ke rarrabe gola da ɗan kallo.

Hanyar samun haka kuwa ita ce ka raba lokacin hisabi da lokacin aiki. Ana cikin wasa, ƙwallon da ta shiga ta shiga, ka ciro ta daga raga ka miƙa, ka mayar da hankali ga mai zuwa. Bayan an tashi, jini ya kwanta, sai ka zauna da mai horar da kai ko wani babba mai gaskiya, ku bi abin daki-daki: shin tsayuwa ce ta ɓaci, ko fitowa ce ba a kan kari ba, ko kira ne ba a yi ba. Ka amsa naka ba tare da ka ɗora wa ɗan baya ko rana ko alƙalin wasa ba, ka gyara, sa'an nan ka bar sauran ga ƙaddara. Imani da ƙaddara bai taɓa zama hujjar barin atisaye ba, amma magani ne ga zuciyar da ta yi iyakar ƙoƙarinta. Game da layu da ƙulle-ƙullen da wasu ke binnewa a gindin turke ko su rataya a raga, ina gaya maka ƙarara cewa hasarar kuɗi ce da raunin tauhidi, kuma tana lalata gola ta wata fuskar, domin wanda ya jingina tsaronsa ga abin da ya binne, ranar da aka ci shi zai tafi neman wani boka maimakon ya gyara tsayuwarsa. Ka yi addu'a, ka yi atisaye, ka dogara ga Allah.

Ku kuma abokansa da 'yan kallo, ku ji tsoron Allah game da harsunanku. Moacir Barbosa na Burazil gwani ne a zamaninsa, amma saboda ƙwallo guda da Alcides Ghiggia na Yurugwai ya jefa masa ranar 16 ga Yuli 1950 a filin Maracanã, mutanen ƙasarsa suka yi ta nuna shi da yatsa har ya rasu a 2000, shekara 50 ke nan yana ɗauke da laifin da mutum goma sha ɗaya suka yi tarayya a cikinsa. Robert Enke, golan Jamus, ya ɓoye ciwon baƙin cikin da ke cinsa don gudun kada a raina shi ya rasa gurbinsa, har ya halaka kansa a Nuwamban 2009 yana da shekara 32. Clint Malarchuk, golan wasan ƙanƙara na Buffalo, wanda kaifin takalmin ƙanƙara ya yanke masa jijiyar wuya a tsakiyar wasa ranar 22 ga Maris 1989, ya tsira ne domin mai jinyar ƙungiyar, tsohon ma'aikacin lafiya na soja, ya danne jijiyar da yatsunsa har likitoci suka iso. Ya koma wasa cikin kwanaki kaɗan aka yi ta yaba ƙarfin halinsa, alhali raunin da ke cikin zuciyarsa ya yi shekaru yana azabtar da shi. Saboda haka, ɗana, in ka ga barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka, duniya ta yi maka ƙunci, kada ka ce namiji ba ya faɗi; ka gaya wa mahaifinka ko mahaifiyarka, ko malaminka, ko likita. Neman taimako a kan ciwon damuwa daidai yake da garkuwar da Plante ya sa a fuskarsa.

Wani abin da ya kamata ka sani shi ne, gola ba ya nuna da wuri. Manomin albasa a Galmi wanda ya kwashe amfaninsa ya sayar a bakin gona lokacin da kasuwa ta cika, ya san abin da yake samu. Wanda kuwa ya busar da ita da kyau, ya jera a rudu, ya riƙa dubawa yana fitar da ruɓaɓɓiya har watanni su shuɗe, shi ma ya san nasa. Dino Zoff ya ɗaga kofin duniya a 1982 yana da shekara 40, Essam El-Hadary na Masar ya tare fanareti a gasar duniya ta 2018 yana da 45. Édouard Mendy na Senegal, yana ɗan shekara 22, a 2014, ya wayi gari babu ƙungiya, dillalin da ya yi masa alkawari ya daina ɗaukar wayarsa, har ya rubuta sunansa a ofishin marasa aikin yi a Faransa. Ya yi shekara guda yana atisaye ba albashi, sa'an nan Marseille ta ɗauke shi a matsayin na baya-bayan gololinta, ya bi ta Reims da Rennes, ya ci kofin zakarun Turai da Chelsea a 2021, ya kuma tare bugun da ya buɗe wa Senegal hanyar kofin Afirka a Yawunde a Fabrairun 2022. Amma kada labarin Mendy ya ruɗe ka, gama ana ba da shi ne domin irinsa ba shi da yawa. Waɗanda dillalai suka yasar suka ɓace babu mai ba da labarinsu.

Ƙasarmu mararraba ce: ga iyaka da Illelar Nijeriya a kudu da hanyar Sakkwato, ga hanyar Tawa da Agadas da ta rabu a Tsarnawa, kuma kowa ya san abin da hamada da teku suka ci na 'ya'yan mutane. Duk wanda ya zo ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi kuɗi zai kai ka gwaji Turai, ku ɗauke shi maƙaryaci har sai ya tabbatar da akasin haka, domin ƙungiyar da ke son ɗan wasa ita ke aiko da takarda ta biya kuɗin jirgi, kuma dokar FIFA ta hana a ƙetare da yaro wata ƙasa don wasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan halaye ƙididdigaggu. Matakalar gaskiya sananniya ce: wasannin makarantu da na unguwanni, sai ƙungiyar gari, sai gasar jiha a Tawa, sai ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin FENIFOOT, hukumar tamaula ta Nijar, inda ake ganin mutum a kira shi. 'Yan wasan gida zalla ne suka kai Nijar wasan kusa da na ƙarshe na gasar CHAN a Aljeriya a farkon 2023, bayan sun doke Kamaru da Gana. Kada kuma ka yarda a rage maka shekaru a takarda. Ƙarya ce, zalunci ne ga yaron da ka ci gurbinsa, kuma ga gola ba ta da ko amfanin duniya, tun da shi shekaru ƙarin daraja ne gare shi. Haka nan in wani ya raɗa maka cewa ka saki ƙwallo guda a ba ka 'yan jikkuna, ka tuna kai ne mutum ɗaya a fili wanda zai iya sayar da gumin mutum goma shi kaɗai, shi ya sa kai ake fara nema. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya zama bawan wanda ya ba shi.

Ko da komai ya tafi daidai, wannan aiki yana ƙarewa mutum na da sauran rabin rayuwarsa a gaba. Ken Dryden, wanda ya gaji ragar Montreal bayan zamanin Plante ya ci kofin Stanley na wasan ƙanƙara sau 6, yana wasa yana karatun shari'a a jami'ar McGill; da suka saɓa da ƙungiyarsa kan albashi a 1973, sai ya ajiye sanda shekara guda ya tafi aiki a ofishin lauyoyi, domin yana da inda zai dafa, ya kuma bar wasa a 1979 yana da shekara 31, daga baya ya zama ɗan majalisa har da minista a Kanada. Ba na ce kowa sai ya zama lauya ba. Abin nufi shi ne, mai sana'a a hannu ba a yi masa cinikin wulaƙanci, kuma ba ya shiga fili da fargabar cewa abincin gidansu yana rataye da ƙwallo guda. Albashin wasa a ƙasarmu bai kai ya riƙe mutum har tsufa ba, alhali ga fadamun Maggiya da gonakin rani na Ƙonni da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, ga masana'antar siminti a Malbaza mai bukatar masu ilimin lantarki da na injuna, ga walda da kanikanci da ɗinki, ga aikin malanta da na jinya. Ka riƙe allonka da littafin lakwal da hannu biyu kamar yadda kake riƙe ƙwallo, kuma in an kira magariba wasa ya tashi, ko da kunnen doki ake.

Ku iyaye, in kun ga ɗanku ya nace wa wannan muƙami, kada ku kore shi da sanda ya koma yi a ɓoye, kada kuma ku sake masa ya bar karatu. Ku gindaya masa sharaɗi, ku san wanda ke horar da shi, wata rana ku je ku tsaya a bayan ragarsa. Ku masu shirya wasannin unguwa da na hutun makaranta, ku ware wa masu tsaron gida ko da rabin sa'a ne na atisayensu daban, ku share musu tsakuwa a bakin raga ku zuba rairayi, ku fitar da duk yaron da ya bugu a ka ko da yana kuka yana roƙo. Kai kuma ɗana, ka nemi wani tsohon gola a garinku, ka je ka gaishe shi da ladabi, ka roƙe shi ya koya maka faɗuwa da tsayuwa tun kafin gasar hutu mai zuwa. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku.